Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu: Yadda Aka Tsirar da Takardun da Aikin da Ya Rage

Ranar 28 ga Janairu, 2013, sojojin Faransa da na Mali suka shiga Timbuktu. Magajin garin, Halle Ousmane Cisse, yana Bamako a lokacin, kuma daga can ya shaida wa 'yan jarida cewa masu ɗauke da makaman da suka riƙe garin wata goma sun cinna wa Cibiyar Ahmad Baba, ma'ajiyar tsofaffin littattafan rubutun hannu, wuta kafin su tsere. Kafin gari ya waye labari ya gama duniya, cewa littattafan rubutun hannu na Timbuktu sun zama toka. Duk wanda ya taɓa kwance igiyar tadarishin tsohon littafi, wato bangon fatar da ake naɗe shi a ciki, ya shaƙi ƙanshin fata da tsohuwar tawada, ya san irin faɗuwar gaban da aka yi a ranar.

Alhamdu lillahi, ɓarnar ba ta kai yadda aka faɗa ba. Cikin rubuce-rubuce kusan 40,000 da cibiyar ke riƙe da su, 4,203 ne suka salwanta, wasu a wuta, wasu a hannun waɗanda suka kwashe su. Sauran sun tsira. Yadda aka yi suka tsira, da halin da suka shiga bayan haka, shi nake so mu duba a tsanake, domin cibiyar nan ma'aikatar gwamnati ce, da darakta da ma'aikata da mai gadi da kasafin kuɗi, irin waɗanda muka sani a ko'ina.

Asalin cibiyar

A 1967 hukumar UNESCO ta tara masana a Timbuktu, lokacin da ake shirin rubuta tarihin Afirka baki ɗaya. Taron ya ba da shawarar a kafa wurin da za a tattara rubuce-rubucen Larabci na yankin. Gwamnatin Mali ta amsa, cibiyar ta fara aiki a 1973, ƙasar Kuwait ta taimaka da kuɗin gini, aka naɗa Mahmoud Zouber darakta na farko.

Sunan da aka raɗa mata ba baƙo ba ne a wurinmu. An haifi Ahmad Baba a 1556 cikin zuriyar Aƙit, gidan alƙalai da malamai. Kakansa ya zauna a Kano ya karantar a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka. Shi kansa Ahmad Baba, da 'yan kasuwar Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, suka aiko masa da tambaya a kan cinikin bayi, ya amsa musu a 1615 cewa baƙar fata ba hujjar bautar da mutum ba ce, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno da Songhai a cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Bayan rundunar Maroko ta ci daular Songhai a 1591, an kama shi, aka tafi da shi Marrakesh a 1594, aka wawashe littattafansa, waɗanda ya ce sun kai 1,600, kuma a faɗarsa shi ne mafi ƙarancin littattafai a danginsu. Sai a 1608 ya koma gida, ya rasu a 1627. Wato tun kafin a aza tubalin cibiyar, garin ya riga ya san abin da mai bindiga ke yi wa ɗakin karatu.

Wannan sanin ne ya sa aikin farko ya yi wuya. Littattafan suna hannun iyalai, cikin adaka, a ƙuryar ɗaki, wasu a binne cikin rairayi tun zuwan Faransawa a ƙarshen ƙarni na 19. Mutumin da kakansa ya ɓoye wa Bature littafi ba zai miƙa wa ma'aikacin gwamnati shi don kawai ya zo da takardar ofis ba. Sai cibiyar ta ɗauki masu yawon nema, suna bin ƙauyuka a kwalekwale da raƙumi, suna zama da masu gida, a sha shayi, a koma, a sake dawowa. Wani a biya shi kuɗi, wani ya fi son awaki ko saniya. Abdel Kader Haidara, wanda sunansa ya yi tashe daga baya, da wannan aikin ya fara a 1984.

Abin da aka tara ya wuce littattafan fiƙihu da tauhidi da nahawu. Akwai hisabi, ilimin taurari, magunguna, waƙoƙi, fatawoyi, wasiƙun sarakuna da malamai, takardun rabon gado, da lissafin fataken da ke kawo gishiri daga Taoudenni. Mafi yawansu da Larabci, wasu da ajamin Fulatanci da Songhai da harshen Abzinawa. Yana da kyau mai karatu ya san cewa a lissafin irin waɗannan wurare, littafi mai warƙa ɗari uku abu ɗaya ne, wasiƙa mai shafi guda ita ma abu ɗaya ce. Akwai waɗanda suka kai shekara ɗari bakwai, amma galibinsu na ƙarni na 18 da na 19 ne.

A Nuwamban 2001 shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya ziyarci Timbuktu, ya ga halin da takardun ke ciki, ya yi alƙawarin taimako. Aka tura ma'aikatan Mali Afirka ta Kudu suka koyo gyaran takarda da haɗa akwatin ajiya daidai girman kowane littafi. A Janairun 2009 aka buɗe sabon gini a gefen masallacin Sankore, mai ɗakin karatu, ɗakin gyara, ɗakin ɗaukar hoto, da ɗakunan ajiya a ƙarƙashin ƙasa masu na'urar daidaita zafi. An yi tanadin gara da ƙura da zafin Sahara. Tanadin ranar da gwamnati za ta bar garin gaba ɗaya ne ba a yi ba.

Wata goma

Ranar 22 ga Maris, 2012 sojoji suka kifar da gwamnatin Amadou Toumani Toure a Bamako. Kwana goma bayan haka, ranar 1 ga Afrilu, Timbuktu ta faɗa hannun 'yan tawayen Abzinawa na MNLA da ƙungiyar Ansar Dine da ƙawayenta na Alƙa'ida. Ba a jima ba Ansar Dine ta kori MNLA ta riƙe garin ita da ƙawayenta. An fasa ofisoshin gwamnati, manyan ma'aikata suka yi kudu. Sabon ginin cibiyar kuwa, da yake yana da kyau da sanyi, mayaƙan suka mai da shi masaukinsu.

A nan ne wani jinkiri ya zama alheri. Shekara uku da buɗe sabon gini, ba a gama kwashe kaya daga tsohon ba. Fiye da rubuce-rubuce 20,000 suna can a tsohon wurin, a wata unguwa daban, cikin ginin da ba ya ɗaukar ido.

A farkon lamarin wasu na ganin ba za a taɓa littattafai ba, tunda yawancinsu na addini ne. Ƙarshen Yuni ya kawar da wannan zaton. Ranar 28 ga wata UNESCO ta sa Timbuktu cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, ranar 30 mayaƙan suka fito da diga da gatari suka fara rushe hubbarorin waliyyan garin. Wanda ya iya rushe hubbaren malami, littafin da malamin ya rubuta a kan tasawwufi ba zai gagare shi ba.

Ƙananan ma'aikatan da suka rage ne suka ɗauki nauyin. Sun fara da fitar da faifan ajiya na kwamfuta, mai ɗauke da hotunan da aka riga aka ɗauka, suka kai shi Bamako a ɓoye. Daga nan sai takardun kansu. Akwai wani tsohon mai gadi ɗan shekara 72 da 'yan jarida suka ba da labarinsa bayan an ƙwato garin. Shekara 40 yana aiki a wurin, kuma bai iya karatu ba. A watan Agusta ya riƙa cusa littattafai cikin buhunan shinkafa da na gero, in dare ya yi ya loda su a amalanke irin ta masu kai kayan miya kasuwa, ya tura ta cikin gari zuwa inda mota da babura ke jira. Daga nan sai bakin Kogin Neja, wanda mu muke kira Kwara, a sa su a jirgin ruwa zuwa Mopti, a sake loda su a mota zuwa Bamako, tafiyar kusan kilomita 1,000, da shingayen bincike na mayaƙa a arewa da na sojoji a kudu.

Na daɗe ina juya wannan hoton a raina. Littafin da aka koya wa ma'aikata su ɗauka da hannu biyu, su shimfiɗa shi a hankali, ga shi cikin buhun gero, tsoho na tura shi a kan rairayi cikin duhu, yana sane da cewa waɗanda ke mulkin garin suna yanke hannun wanda suka kira ɓarawo. Bai san abin da ke rubuce a ciki ba, amma ya san an ba shi amana. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma a wannan karon tsohon gini da tsohon ma'aikaci ne suka yi maganin.

A daidai lokacin, ɗakunan karatu na iyalai suna nasu aikin a ƙarƙashin ƙungiyar SAVAMA-DCI da Haidara ke jagoranta, cikin akwatunan ƙarfe, da tallafin gidauniyoyi daga Holan da Jamus da Amurka. Adadin da aka bayar na wannan ɓangaren ya haura 350,000, kodayake wasu masana sun yi tababa a kan lissafin. Labarinsu ne ya fi yaɗuwa a duniya, har ya kusa rufe na cibiyar gwamnati.

Sabon ginin ne ba a iya shiga ba. Ranar 11 ga Janairu, 2013 Faransa ta fara kai hari, mayaƙan suka ga zama ya ƙare. Kwanaki kaɗan kafin su bar garin suka kwaso abin da suka tarar a ɗakunan aiki na sama, suka zazzage shi a tsakar gida, suka sa wuta. Waɗanda suka fara shiga bayan tafiyarsu sun tarar da tarin toka da akwatunan nan da aka koyo haɗawa a Afirka ta Kudu, a warwatse, babu komai ciki. Tokar ba ta kai yawan abin da ya ɓace ba, shi ya sa ake kyautata zaton an yi awon gaba da wani kaso. A ƙarƙashin ƙasa kuma, bayan wata ƙofa da ba su buɗe ba, rubuce-rubuce fiye da 10,000 suna nan lafiya. Wata goma suna kwana a kansu.

A Satumban 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi ɗaurin shekara 9 bayan ya amsa laifinsa, amma a kan hubbarori tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya aka yi wannan shari'ar, takardun ba sa cikinta.

Bamako, da abin da ake kira samun dama

An gudu daga gara an tarar da zago. Takardar da ta yi ɗaruruwan shekaru a busasshiyar iskar bakin Sahara ta wayi gari a Bamako, inda damina ke da ƙarfi, laima ke shiga ko'ina. Laima na jawo fumfuna, tana manne warƙa da warƙa. Wata irin tsohuwar tawada mai sinadarin ƙarfe kuma, in ta sha danshi, sai ta ci takardar, har ka ɗaga shafi ka ga haske na ratsowa ta gurbin haruffa. Dole aka nemi gidaje masu bene, aka sa na'urorin tsotse laima, aka shiga haɗa sababbin akwatuna da kwalin da ba ya cin takarda. Gwamnatin Jamus da Gidauniyar Gerda Henkel da Jami'ar Hamburg suna cikin waɗanda suka sa hannu a wannan aikin.

A ganina nan ne ainihin lamarin yake, kuma nan ne labaran jarida suka fi gajartawa. Ma'ajiyar tarihi tana da hakki biyu a kanta, ta tsare abin da aka ba ta, ta kuma bai wa mai nema damar karantawa. Hakkokin nan suna ja da juna. Ɓoyewa ce ta tsirar da littattafan Timbuktu ɗaruruwan shekaru, amma littafin da ke binne ba ya karantar da kowa. Cibiyar ta yi shekara arba'in tana lallashin mutane su fito da su, ta tara su wuri ɗaya domin ɗalibi ya same su cikin sauƙi, kuma wannan tarawar ce ta sa dubu huɗu suka salwanta a lokaci guda. Ban ga laifin tarawar ba. Laifin da na gani shi ne a tara ba tare da an shirya yadda za a watse in rana ta ɓaci ba: wa ke riƙe da makulli, me za a fara ɗauka, ina za a kai shi, da kuɗin wa. Duk wannan ma'aikata sun ƙirƙiro shi ne a tsakiyar tashin hankali.

Abu na biyu shi ne fihirisa, wato jerin bayanin abin da aka ajiye. Tsakanin 1995 da 1998 Gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga jerin rubuce-rubucen cibiyar cikin mujalladi biyar, wanda ya ƙunshi guda 9,000. Lokacin da rikici ya zo, abin da ke cikin wannan bugu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tara ba. Sayen littafi ya fi rubuta bayaninsa sauri, kuma ba don ragwancin kowa ba.

Ka duba aikin da idonka. Littafin malamanmu na Yammacin Afirka ba a ɗinke yake ba, warƙoƙi ne a sake, a haɗa su cikin tadarishi a ɗaure da igiyar fata, wani lokaci a sa a gafaka. Babu lambar shafi. Abin da magabata suka yi shi ne su rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ake karantawa. In buhu ya motsa, igiya ta kwance, warƙoƙin littafi uku suka cakuɗe, da wannan kalma guda za a bi a mai da kowace mazauninta. Sau da yawa shafin farko da na ƙarshe, inda sunan littafi da na mawallafi da na mai kwafa suke, su ne suka fi lalacewa, don su ke shan hannu. Sai an sami wanda ya yi zurfi a karatun zaure, wanda zai karanta layi biyu ya ce wannan sharhin littafi kaza ne. Don ƙiyasta shekaru kuma sai a ɗaga takardar ta fuskanci haske a nemi tambarin masana'antar da ta yi ta, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da su. Wani littafin ya ci minti ashirin, wani ya ci kwana biyu. Na'ura ba ta ɗauke wa mutum wannan.

Shi kansa adadin 4,203 shaida ne a kan darajar rajista. Lamba irin wannan, da ba a ce kimanin dubu huɗu ba, ba ta fitowa sai a wurin da aka san abin da ya shigo. Inda babu lissafi, ko asarar ba za a iya faɗin girmanta ba.

Ɗaukar hoto ya taimaka ƙwarai. Tun daga 2013 ɗakin karatu na Hill da ke Minnesota a Amurka, wanda limaman Kirista 'yan ɗariƙar Benedict suka kafa, ya haɗa hannu da SAVAMA-DCI a Bamako. Matasan Mali suka zauna gaban kyamara shekara da shekaru suna juya warƙa ɗaya bayan ɗaya, kuma yau ana iya duba dubban rubuce-rubucen iyalan Timbuktu kyauta a intanet. A Maris ɗin 2022 Google ta buɗe wani dandali mai suna Mali Magic, da shafuka 40,000. Abin farin ciki ne, sai dai a lura, shafuka aka ce, kuma waɗannan ayyuka biyu sun fi shafar kayan iyalai. Na cibiyar gwamnati su ne dukiyar kowa da kowa, su ne ɗalibi daga Gao ko Yamai ko Sakkwato ke da hakkin nema ba tare da ya san mai gida ba, don haka su ya kamata a fi matsa wa lamba a kan fihirisa da hoto. Hoton da ba a rubuta bayaninsa ba kuwa, samunsa a kwamfuta bai fi samunsa a buhu sauƙi ba. Haka nan kwafin da aka ajiye a gini ɗaya da asalinsa, wuta ɗaya ce za ta ci su. Faifan cibiyar ya tsira ne don wani ya sa ransa a haɗari ya ɗauke shi.

Ba zan wuce nan ban waiwayi gida ba, tunda an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Irin takardun nan, da irin tawadar, da irin tadarishin, suna nan a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na jami'a a Yamai. Tambayoyin da Timbuktu ta amsa da tsada sun shafe su duka: nawa ne a rubuce cikin rajista, ina kwafi na biyu yake, kuma ƙaramin ma'aikacin da zai rage in kowa ya tafi, an sanar da shi abin da zai yi?

Komawa gida

Shekara goma sha uku takardun suka yi a Bamako. Mutanen Timbuktu ba su daina neman a dawo musu da su ba, kuma suna da hujja. Sunan garin da martabarsa a kansu suka dogara, iskar can ta fi dacewa da su, malaman da suka san zuriyar kowane littafi ma can suke. Masu cewa a dakata su ma suna da tasu hujjar. A Agustan 2023 mayaƙan JNIM, ƙungiyar da ke da alaƙa da Alƙa'ida, suka toshe hanyoyin shiga garin, a Disambar shekarar kuma dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka janye.

Gwamnatin Mali ta zaɓi mayarwa. A watan Agustan 2025 kashi na farko ya sauka a Timbuktu, akwatuna sama da 200 masu nauyin kimanin tan 5.5, kuma laimar Bamako na cikin dalilan da hukumomi suka bayar. Kayan da suka fita a amalanke da kwalekwale, a jirgin sama suka koma, don hanyar ƙasa ba ta da tabbas. Ni dai na yi murna da komawar, tare da fargabar da ba ta sake ni ba. Abin da ya rage bayan saukarsu shi ne a buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya a ginin da ke gefen Sankore, a duba lambar kowane littafi a rajista, a ga wanda laima ta taɓa, a ware wanda warƙoƙinsa suka cakuɗe tun daren da aka cusa shi a buhu a 2012.